Malamina ya ce alƙaluman kundina ba su da asali

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, ina rubuta kundin digiri na biyu a kan yawan jama'a da rashin aikin yi tsakanin matasa. Malamin da ke duba aikina ya dawo min da babi na biyu, ya ja jan biro ƙarƙashin kusan kowane adadi, a gefe ya rubuta "Wa ya faɗa?" Gaskiya daga jaridu da shafukan intanet na tattaro su. Da na koma neman na gwamnati sai na ƙara rikicewa, domin abu ɗaya sai in ga adadi uku, kowanne da hukumar da aka jingina wa. Lokacin miƙa aiki ya matso, har na fara tunanin canza maudu'i, kuma ina jin nauyin komawa wurin malamin in ce ban san inda ake nema ba. Ina zan samu alƙaluman gwamnati da za a yarda da su, kuma in sun saɓa wa juna wanne zan ɗauka?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki canza maudu'i. Duk inda kika koma, in dai akwai adadi a ciki, jan biron nan zai biyo ki. Malaminki kuma bai zalunce ki ba. Jarida ba ta ƙirga mutane, shafin intanet bai taɓa bin gida-gida yana tambayar wa ke aiki wa ke zaune ba. Su masu ruwaya ne kawai. Yadda malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta zuwa tushe, haka za ki yi wa adadi: wa ya faɗa, a bakin wa ya ji, har ki isa ga wanda ya fita ya auna da kansa. In kika isa can za ki tarar adadi ukun da suka hana ki barci yawanci ba abu ɗaya suke aunawa ba. Batun jin nauyi kuwa ki ajiye shi. Malamin da ya ɓata lokacinsa ya bi babinki layi-layi ya fi son ki dawo da tambaya a kan ki dawo da wani babin mai irin wannan ciwon.

Aikin fitar da alƙaluma a rabe yake, kuma rabon kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Kowace ƙasa tana da hukumar ƙididdiga, ita ke fitar da hauhawar farashi, da ma'aunin tattalin arziki na GDP, da rashin aikin yi, da talauci, galibi har da cinikin waje. A Najeriya NBS ce, a Nijar INS, a Ghana GSS, a Birtaniya ONS, a Faransa INSEE. A ƙasashe da yawa ƙidayar jama'a ma tana hannunta, amma ba ko'ina ba, domin a Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, NPC, daban take. Amurka ma ta raba abin: hukumar ƙidaya daban, BLS mai kula da farashi da ayyukan yi daban, BEA mai lissafin GDP daban. Abin da ya shafi kuɗin ruwa, canjin kuɗi da ajiyar ƙasa ta waje, babban banki za ki nufa (Nijar tana tarayya da wasu ƙasashe bakwai a babban banki ɗaya, BCEAO, mai hedikwata a Dakar). Kasafin kuɗi da bashin gwamnati suna ma'aikatar kuɗi ko ofishin kula da basussuka. Kafin ki buɗe kwamfuta ki ɗauki takarda ki jera kowane adadi da kike buƙata, a gabansa ki rubuta hukumar da aikinta ne ta samar da shi. Za ki ga ƙofofin da za ki ƙwanƙwasa ba su wuce biyu ko uku ba.

Labaran jaridun da kika tara kada ki zubar, su za su nuna miki hanya. Ɗauki ɗaya ki sake karantawa a tsanake. Yawanci a sakin layi na biyu ko na uku za ki ga an ce "kamar yadda rahoton hukuma kaza da aka fitar jiya ya nuna". Sunan rahoton da watan da ya fito su kike nema. Ki shiga shafin hukumar, sashen wallafe-wallafe, ki nemo shi da sunansa a harshen da aka wallafa shi. Shafukan gwamnati da dama akwatin bincikensu sai a hankali, don haka ki koma Google ki rubuta site: ki manna adireshin hukumar a jikinsa ba tazara, sannan sunan rahoton, zai kawo miki abin da ke cikin shafin kawai. In an sake fasalin shafin rahoton ya ɓace, shafin Wayback Machine, mai taskance shafukan intanet, yakan ajiye tsoffin kwafi. Labarin da kika bi diddiginsa kika kasa gano rahoton da ya dogara a kai kuwa, ki yar da adadinsa, komai yadda ya dace da hujjarki.

In rahoton ya zo hannunki, ga yadda za ki same shi. Shafi ɗaya ko biyu na taƙaitawa a gaba, da manyan lambobi da zane masu launi, wanda galibi shi ke shiga labarai. Sai jadawali barkatai. Sai wani sashe da ido ba ya son tsayawa a kai, mai bayanin yadda aka gudanar da aikin. Daga wannan za ki fara. A nan aka faɗi gidaje nawa aka tambaya, a wane wata, wa aka lissafa a matsayin mai aiki, da wuraren da ba a samu shiga ba. Adadin talauci na kashi 40.1 cikin 100 da NBS ta fitar daga binciken 2018 zuwa 2019, wanda aka yi ta yawo da shi, bai haɗa da jihar Borno ba, kuma hukumar ta faɗi haka ƙarara. Mai ɗauka daga kanun labarai ba zai sani ba. Sau da yawa kusa da rahoton akwai fayil na Excel, ki sauke shi, domin a ciki ake rarraba adadin bisa shekaru, jinsi, birni da karkara, wanda shi kundinki ke buƙata.

Yanzu ga inda nake so ki natsu. Alƙaluman da ake kira na gwamnati ba hanya ɗaya ake samun su ba, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai ƙidaya, inda aka bi kowa aka ƙirga. Akwai bincike na samfuri, inda aka zaɓi wasu dubban gidaje bisa ƙa'ida aka tambaye su, aka ƙiyasta sauran daga amsarsu. Akwai abin da ofisoshi ke tarawa a bakin aiki, kamar rajistar haihuwa da takardun kwastan, wanda ingancinsa ya dogara da yawan masu zuwa rajistar. Sai kuma hasashe, inda aka ɗauki tsohuwar ƙidaya, aka ɗora mata zaton yawan haihuwa da mutuwa da ƙaura, aka turo ta zuwa bana.

Shawarar Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce a yi ƙidaya aƙalla duk shekara goma. Amurka tana yi tun 1790, Ghana ta yi a 2021 ta samu mutum miliyan 30.8. Najeriya ta yi a 2006 ta samu miliyan 140.4, wadda aka shirya a 2023 kuma aka ɗage ta. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yi tata a 1984, Lebanon kuwa rabonta da ƙidaya tun 1932. A ƙasar da ƙidayarta ta tsufa, duk wanda ya ce miki yawan jama'a kaza ne a bana hasashe yake faɗa, ko da hukuma ce. Hukumar ƙasa tana da nata hasashen, sashen yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya yana da nasa, yana kuma sabunta shi, kamar yadda ya yi a 2022 da 2024, har adadin shekarun baya yakan motsa. Ɗan bambanci a zaton haihuwa, in ya shekara goma sha yana hawa kansa, miliyoyi yake zama. To ga adadi biyu ko uku sun fito, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Abin da ake so gare ki shi ne ki faɗi irin kowanne. Kada ki rubuta "yawan jama'ar ƙasar miliyan kaza ne". Ki rubuta "hasashen hukuma kaza, bisa ƙidayar shekara kaza, ya nuna miliyan kaza". Ki kuma sani hasashe yana ƙara rauni in aka sauko ƙasa. Na ƙasa baki ɗaya da dama-dama, na jiha ya fi shi rauni, na ƙaramar hukuma ko na matasan gari guda kuwa sai da taka-tsantsan, domin masu ƙaura ba sa sanar da kowa.

Rashin aikin yi ya fi wannan tarko, kuma tunda shi ne ƙashin bayan aikinki bari in ba ki misali ɗaya da ya isa. NBS ta ce rashin aikin yi a Najeriya kashi 33.3 cikin 100 ne a rubu'in ƙarshe na 2020. A watan Agustan 2023 hukumar nan dai ta fitar da kashi 4.1 na rubu'in farko na 2023. Wanda ya jera waɗannan biyu a zane ɗaya zai rubuta cewa an yi abin al'ajabi cikin shekara biyu. Ma'aunin aka canza. A da, wanda ya yi aikin ƙasa da awa 20 a mako ana sa shi cikin marasa aiki, kuma 'yan shekara 15 zuwa 64 ake dubawa. A sabon tsarin, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don albashi ko riba mai aiki ne, kuma daga shekara 15 zuwa sama ake ƙirgawa. Marar aiki shi ne wanda bai yi ko awa ɗayar ba, yana nema, kuma a shirye yake ya fara. Wanda ya gaji da nema ya zauna, ba ya cikin wannan lissafin sam.

An yi ta cece-kuce a kan sauyin. Ni a ganina sabon ma'aunin yana da amfani wajen kwatanta ƙasa da ƙasa, amma shi kaɗai ba ya faɗin halin da matasa ke ciki. Inda babu tallafin da ake ba marar aiki, talaka ba shi da halin zama, dole ya taɓa wani abu, da ya taɓa kuwa ya faɗa layin masu aiki. Shi ya sa za ki ga ƙasashe matalauta da adadin rashin aiki ƙasa da na wasu ƙasashen Turai, wanda bai san dalili ba ya yi ta mamaki. In kina son kundinki ya faɗi abin da ke ƙasa, ki haɗa da jadawalin masu aikin da awoyinsa ba su ishe su ba, da na masu sana'ar da ba ta da rajista, da na matasan da ba sa aiki, ba sa karatu, ba sa koyon sana'a. Yawanci duk suna cikin rahoto ɗaya, 'yan shafuka bayan wanda jaridu suka ɗauka. Ki kuma duba shekarun da kowane jadawali ya ɗauka a matsayin na matasa, domin Majalisar Ɗinkin Duniya 15 zuwa 24 take amfani da shi, Yarjejeniyar Matasa ta Tarayyar Afirka kuma 15 zuwa 35. Ki zaɓi ɗaya, ki faɗa tun a babi na ɗaya, ki tsaya a kai.

In za ki taɓo tattalin arziki, irin wannan karyewar layi tana can ma. A Afrilun 2014 Najeriya ta mayar da shekarar da take aunawa da ita daga 1990 zuwa 2010, sai GDP ɗinta na 2013 ya tashi zuwa kusan dala biliyan 510, ta wuce Afirka ta Kudu a rana ɗaya ba tare da an gina masana'anta ko ɗaya ba. Harkoki irin su wayar salula da finafinai ne da tsohon ma'auni bai lissafa su yadda ya kamata ba. Ghana ta yi irin haka a 2010, nata ya ƙaru da kusan kashi 60. A farkon 2025 ma da NBS ta sabunta ma'aunin farashi, hauhawar ta sauko daga kashi 34.80 na Disamban 2024 zuwa 24.48 a Janairu, ba don kaya sun yi araha ba. Duk jerin shekarun da kika ga ya yi tsalle irin wannan, ki fara zargin ma'auni. Kuma kada ki gwada GDP na shekaru daban-daban sai da jadawalin da aka cire tasirin hauhawar farashi.

Za ki ce to ina matsayin Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF? Mafi yawan abin da ke rumbunansu daga hukumomin ƙasashe suke karɓa, su daidaita shi don ya kwatantu, su cike gurbin shekarun da babu bayani da ƙiyasi. A rumbun Bankin Duniya, in kika nemi rashin aikin yi za ki ga layi biyu, ɗaya an rubuta ƙiyasin ƙasa, ɗaya an rubuta ƙiyasin lissafin ILO. Na biyun ba shi da giɓi, shekara bayan shekara a cike, shi ya sa ɗalibai ke son sa, alhali wasu shekarun ba wanda ya fita bincike, lissafi ne ya cike su. IMF kuma tana fitar da babban rahotonta na tattalin arzikin duniya a Afrilu da Oktoba, kuma adadin bana da na baɗi da ke ciki hasashe ne. Hukuncina mai sauƙi ne. In cikin ƙasa ɗaya kike nazari, na hukumar ƙasar ne gaba. In ƙasashe kike kwatantawa, ki ɗauko duka daga rumbu ɗaya na ƙasa da ƙasa. Abin da ba a yi shi ne a ɗauko shekara uku daga nan, huɗu daga can, a zuba a jadawali ɗaya.

Na san akwai tambayar da ba ki yi ba amma tana ranki, wato ko gwamnati ma gaskiya take faɗa. Ba kullum ba. A 2013 IMF ta tsawata wa Ajantina a hukumance saboda rashin ingancin alƙalumanta na hauhawar farashi da GDP. Ƙidaya kuma, a duk inda ake rabon kujeru da kuɗi bisa yawan jama'a, siyasa ba ta barin ta, har Najeriya ta taɓa soke sakamakon ta 1973. Amma abin da ya fi yawa shi ne ƙarancin kuɗi da ma'aikata da tsufan ma'auni, ba ƙarya da gangan ba. Kuma adadin hukuma ko yana da rauni yana zuwa da bayanin yadda aka same shi, za ki iya karantawa ki soke shi da hujja. Na shafin da ba a san mai shi ba kuwa ba ki da inda za ki kama. Ki kawo na hukuma, ki gwada shi da wani bincike mai zaman kansa in akwai, ki faɗi rauninsa a fili. Wannan ba ya rage wa kundi maki, ƙara masa yake.

Daga yau kowane adadi da kika ɗauka ki buɗe masa layi a wani fayil: sunan hukuma, sunan rahoto, shekarar da adadin ke magana a kai da shekarar da aka wallafa shi (ba ɗaya ba ne), lambar jadawali da shafi, ko ƙidaya ce ko bincike ko hasashe, da ranar da kika sauke. Ki ajiye kwafin rahoton kansa, domin hukumomi suna gyara alƙaluma daga baya, musamman na GDP, kuma ba ki son ranar kare kundi wani ya buɗe shafin ya ga wani abu daban ba ki da abin nunawa.

Akwai abin da za ki nema ki rasa a rahotannin da aka wallafa. Kafin ki fid da rai, ki duba ɗanyen bayanan binciken. Hukumomi da yawa suna da rumbunsa, Bankin Duniya ma yana da nasa, haka binciken lafiya da yawan jama'a na DHS da binciken MICS na UNICEF kan halin yara da mata, waɗanda hukumomin ƙasashe ke gudanarwa tare da su. Yawanci rajista za ki yi, ki bayyana abin da za ki yi da shi, kuma amincewar takan ɗauki kwanaki, don haka tunda lokacinki ya matso ki nema a makon nan. Ki tambayi ma'aikacin ɗakin karatun jami'arku, sau da yawa tsoffin littattafan ƙididdiga na shekara-shekara da ba su hau intanet ba suna can. Ki rubuta wa hukumar kanta, da takardar gabatarwa daga sashenku, ki faɗi takamaiman abin da kike so: jadawali kaza, shekara kaza, a rarrabe bisa kaza. Wasiƙar da ta ce "ina neman bayanai kan matasa" ba a cika amsa ta ba. Ƙasashe da yawa kuma suna da dokar 'yancin samun bayanai, kamar ta Najeriya ta 2011, in an kai ga haka.

In duk kin bi waɗannan kika tarar ba wanda ya taɓa auna abin a matakin da kike so, kada ki ɗauki kason ƙasa baki ɗaya ki ninka da hasashen yawan jama'ar gari ki kira shi adadin garin. Ki ɗaga tambayarki zuwa matakin da ke da bayani, jiha ko shiyya ko ƙasa, ki rubuta a sashen iyakokin bincike cewa na ƙasa da haka babu shi, sannan ki nemi amincewar malaminki a kan wannan gyaran kafin ki sake rubuta babin.